Hannun Da Malama Ta Ɓoye

"Kwana biyar," mijina ya ce. "Kwana biyar yarinya tana yawo da karaya a cikin gidanmu, ke ba ki gani ba?"

"Kai ka gani?"

Ya juya min ƙeya yana kallon ƙofar ɗakin ɗaukar hoton ƙashi, hannuwansa duk baƙin mai, don daga shagonsa na gyaran firji ya taho. Malamar ajin ƴarmu ce ta lura da hannun yarinyar ta kira shi. Ni ta fara kira har sau uku, amma wayata na cikin jaka, ni kuma ina hawa na biyu na wannan asibitin, zaune a gefen gadon Auta ina kallon jininsa yana zagayawa cikin injin wankin ƙoda.

Na ce ya rage murya, mutane na kallonmu. Ya ce su kalla. Na ce shi da yake fita tun yara ba su gama shiri ba, ya dawo sun yi barci, ba shi da bakin tuhumata. Ya ce to ni da nake wuni ɗaki ɗaya da ita fa?

Laifi tudu ne. Muka tsaya a barandar asibiti kowa ya take nasa yana hango na ɗan'uwansa.

Can kan benci ƴarmu ta fari tana zaune, ta rungume hannun hagunta a ƙirji. Shekararta tara. Malama muke ce mata, saboda tun tana ƴar shekara uku take gyara wa kowa magana, har kakarta ba ta bari ba. Ranar ba ta gyara wa kowa komai ba. Ƙasa kawai take kallo.

Ƴaƴanmu uku. Bayan Malama sai Rediyo, ɗan shekara shida, wanda in ya buɗe baki da safe sai barci ke kashe shi. Sai Auta, mai shekara huɗu, wanda ƙodarsa ta daina aiki shekara ɗaya da rabi da suka wuce. Tun daga lokacin rayuwata ta koma Litinin, Laraba da Juma'a, awa huɗu-huɗu a gaban inji. Na ajiye aikina na buga takardu. Na koyi auna ruwa da sirinji, na koyi wanke ƴar robar da aka dasa masa a ƙirji, na koyi gane kumburin ƙafa tun kafin ya fito sosai.

Gidan ma ya koyi dokoki. Ba a sa gishiri a tukunya. Ba a guje-guje a ɗaki. Ba a taɓa ƙirjin Auta. Babbar doka kuwa, ba a shan ruwa a gabansa, domin nasa ƙaramin kofi ɗaya ne a wuni, in ya ga wani na sha sai ya yi ta kuka har muryarsa ta dishe. Malama da Rediyo a bayan ƙofar kicin suke shan ruwa, da sauri, kamar ɓarayi.

Likitan ƙashi ya kira mu ciki ya ɗaga hoton a gaban fitila. Ya ce ƙashin ya fara haɗewa a karkace, dole a sake ja a gyara kafin a ɗaure da siminti. Sai ya sunkuya ya tambayi Malama yadda aka yi.

Ta ce faɗowa ta yi daga kan kujera, ranar Juma'a, tana sauko da kwalin bandeji daga saman kabad.

Na tuna ranar. Ni na aike ta, ina riƙe da Auta yana amai. Na ji ƙarar faɗuwa daga ɗakin, na kuma tuna abin da na ɗaga murya na ce: me kika fasa? Ta ce ba komai. Ta kawo min kwalin da hannu ɗaya, na karɓa ko fuskarta ban duba ba.

Likitan ya tambaye ta me ya hana ta faɗa wa Mamanta. Ta yi magana a hankali, irin yadda take karanta amsa a aji.

"Na ji Mama tana faɗa wa Anti a waya... wai in wani ya sake kwanciya ciwo a gidan nan, ita mutuwa za ta yi."

Na faɗa. Wallahi na faɗa, wata rana da gajiya ta kai min wuya, ina tsammanin ni kaɗai ce a kicin.

Sai sauran abubuwan suka yi ta faɗo min ɗaya bayan ɗaya. Rigar sanyin da ta nace sai ta sa duk zafin da ake yi, na ce iyayi ne. Kwanukan da ta wanke ba su fita ba, na yi mata faɗa. Maɓallan rigar makarantarta, ashe Rediyo ne ke ɓalla mata kullum da safe. Rediyo, wanda ba ya iya riƙe sirrin minti biyu, ya riƙe wannan kwana biyar, don ta ce masa in ya faɗa Mama za ta mutu.

Ana shirin shiga da ita ɗakin ɗori wayata ta yi ƙara. Nas ce daga sama. Jinin Auta ya yi ƙasa sosai, yana kuka yana nemana.

Na tsaya riƙe da wayar. Na kalli ƙofar ɗakin ɗori, na kalli matakalar bene.

"Mama, ki koma sama," Malama ta ce. "Baba ya isa."

Ba da fushi ta faɗa ba, abin da ya fi ci min rai ke nan. Da ta yi kuka ta riƙe min zane da na fi samun sauƙi. Na hau benen. Ina kan mataki na shida na jiyo ƙararta lokacin da aka ja hannun, na dafe ƙarfen matakala... sannan na ci gaba da hawa.

Kwana biyu ni da mijina ba mu yi maganar kirki ba. Ga abinci, na gode. Ina makullin, ga shi can. Mutumin da a da yake ajiye babur ya shigo kicin da baƙin hannunsa yana barazanar shafa min a kumatu, yana ce min rabin raina, yanzu sai ya wuce ni a ƙofa kamar ɗan haya.

Na yi ƙoƙarin gyarawa da Malama, amma duk abin da na taɓa sai ya ɓaci. Na zo zan ba ta abinci a baki, ta ce ai damanta lafiya lau. Na zauna gefenta zan duba aikin gida, ban kai layi biyu ba Auta ya kira ni, na miƙe kafin ma in san na miƙe. Da na dawo ta rufe littafin. Rediyo kuwa ya kewaye simintin yana ƙwanƙwasawa, ya tambaye ni wai in shi ma ya karya ƙafa za a sayo masa lemon kwalba irin na Yaya? Na daka masa tsawa. Ya tafi bayan ƙofa ya zauna. Na tsani kaina.

Ranar Alhamis da la'asar mijina ya dawo da wuri, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya same ni a kicin ina tafasa almakashin bandeji. Ya jingina da ƙofa ya ce gobe shi zai kai Auta wankin ƙoda, ni in zauna da Malama.

Na ce a'a.

Ya ce ba tambayata yake ba. Na ce ni ma ba shawara nake ba shi ba. Bai san sunan magungunan ba, bai san nauyin ruwan da ake so injin ya sauke ba, bai san wace nas ce ke da hannun sanyi ba. Ya ce to in koya masa. Na ce ba wasan yara ba ne.

"Ki faɗi abin da ke ranki," ya ce. "Kofin ruwan nan ne, ko?"

Shi ne kuwa.

Wata uku da fara ciwon, na fita sayen magani na bar masa Auta. Yaron ya yi ta roƙon ruwa yana lasar leɓe, uban ya kasa jurewa, ya cika masa kofi ya ba shi, ya ƙara masa. Washegari fuskar Auta ta kumbura har idanunsa suka rufe, numfashi na yi masa wuya. Kwana huɗu muka yi a asibiti. Tun daga ranar ban sake barinsa da yaron ba ko na minti goma.

"Ka kusa kashe min ɗa," na ce.

"Ɗanki?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Ni kuma mene ne nasa? Kin san sau nawa nake ganin fuskar nan tasa a kumbure in na rufe ido? Kina ganin son aiki ne ke zaunar da ni a shago har duhu? Wallahi wata rana babu firji ko ɗaya, zama kawai nake ina kwance tsohon inji ina mayarwa. In na dawo gida ba ni da abin da zan taɓa. In na ɗauke shi ki ce in kula da ƙirjinsa. In na zuba masa abinci ki juye ki sake aunawa. Kin mai da ni baƙo a gidana..."

"Kai ka gudu ka bar ni!"

"Na gudu. Ban musa ba. Amma ke ma kin kulle ƙofa kin jefa makullin a rijiya. Ki duba abin da ya faɗa tsakaninmu. Yarinya ƴar shekara tara ta zaɓi ciwon karaya a kan ta dame ki."

Ruwan tukunya ya ƙone, almakashin na ƙara a gindinta. Ya miƙa hannu ya kashe wutar, ya fita.

Da yamman nan na zauna na cika shafi uku da rubutu. Magani da lokacinsa, abin da zai ce wa nas, abin da zai yi in Auta ya ce kansa na juyawa, yadda ake jiƙa auduga a shafa masa a leɓe in ƙishirwa ta matsa. Na ajiye masa a kan takalminsa.

Da safe suka tafi. Auta na kafaɗarsa yana miƙo min hannu yana kiran Mama. Na tsaya a ƙofa har suka sha kwana.

Kafin awa ɗaya na kira shi sau shida. A na bakwai ya ɗauka ya ce an ɗora yaron a inji lafiya, in na sake kira zai ba nas wayar ta ajiye. Ya kashe.

Rediyo na makaranta. Gidan ya yi tsit, daga ni sai Malama, ita a kan gado ni a bakin gado. Na tambaye ta me take so mu yi. Ta ɗaga kafaɗa. Na ce in dafa mata abin da ta fi so? Ta ce to. Na miƙe, sai na tsaya... ban san abin da ta fi so ba. Na san wanda take so tana ƴar shekara bakwai. Na ce ƙwai? Ta ce ta daina cin ƙwai tun bara, tashin zuciya yake sa ta.

Tun bara. Ni kuwa kullum sai na sa mata a kwanon makaranta. Ashe Rediyo ke cinye biyu.

Na ce to ta zo in wanke mata kai. Na ɗaure simintin da leda, na zaunar da ita a ƴar kujera a banɗaki, na fara tsefe mata gashi. Ya cukurkuɗe a ƙeya, inda hannu ɗaya ba ya kaiwa. Na ga wani tabo a bayan kunnenta da ban san da shi ba. Na ga wuyanta ya yi tsawo. Ina zuba ruwa ina cuɗawa.

Sai na ce mata maganar da na yi a waya ba gaskiya ba ce, gajiya ce. Na ce uwa ba ta mutuwa don ƴaƴanta biyu sun kwanta, ko uku. Na ce in ta ji ciwo, ko na ƙaya ne, ina so in sani. Ta ce to, Mama. Irin "to" ɗin da ake ce wa baƙo.

Haushi ya kama ni, ba nata ba, na wannan ladabin da ta gina ta shige ciki.

"Ki daina ce min to," na ce. "Ki yi fushi da ni. Na tambaye ki abin da kika fasa ban tambaye ki ko kin ji ciwo ba. Na bar ki a ɗakin ɗori na hau sama. Ba ki ji haushi ba?"

Kumfa na gangarowa ta gefen fuskarta. Sai kafaɗunta suka fara rawa.

"Na ji," ta ce. "Na kira ki... da suka ja hannun ke na kira, ba Baba ba."

Daga nan bakin ya buɗe. Ta ce ranar da aka ba ta kyautar ta ɗaya a lissafi kowa mamarsa ta zo, ita kujerarta babu kowa, ta ce wa ƙawayenta Mamanta likita ce shi ya sa. Ta ce ta gaji da abinci lami. Ta ce ta gaji da shan ruwa a tsaye. Ta ce kowa in ya zo gidan Auta yake tambaya, ita sai dai a ce mata ta zama yarinyar kirki ta taimaki Mama.

Sai ta rufe baki da hannunta mai lafiya, ta faɗi ta ƙarshen ta cikin yatsu.

"Wani lokaci... ba na son Auta. Wani lokaci ina cewa da ba a haife shi ba. Mama, ni muguwa ce?"

Na durƙusa a jiƙaƙƙen ƙasan banɗaki na jawo ta jikina, da kumfa da leda da komai. Na ce mata ba muguwa ba ce. Na ce ni ma akwai ranar da nake zama a gaban injin nan in ji kamar in tashi in fita in yi ta tafiya kada in waiwayo, kuma hakan bai hana ni son shi ba. Ta ɗago ta kalle ni kamar na faɗi abin da ba a faɗa. Sannan ta fashe da kuka sosai, irin kukan da rabon in ji ta yi shi tun tana goye. Wayata na ɗaki, ban san ko ta yi ƙara ba. Ban tashi na duba ba.

Da muka fito na soya mata dankali na barbaɗa gishiri har sai da ta ce ya isa. Ta cika babban kofi da ruwa ta zauna a tsakiyar falo, ta miƙe ƙafa ta sha a hankali. Ta kuma gyara min magana sau biyu kafin azahar.

Bayan la'asar suka dawo. Ya biya ya ɗauko Rediyo, wanda tun daga bakin titi nake jiyo muryarsa yana ba da labarin wani yaro da ya haɗiye abin goge fensir. Auta na barci a kafaɗar ubansa. Na karɓe shi na kwantar, na ɗaga rigarsa na duba bandejin. Nas ta sa uban ya manna filastar da kansa, ta karkace, gefe ɗaya ya fi tsawo. Amma a bushe take, tsaf. Hannuna ya kai zai ɓare ya gyara. Na mayar da rigar na rufe.

Na same shi a bakin ƙofar baya zaune a kan dakali, takarduna uku a hannunsa sun yi laushi don murzawa. Idanunsa sun yi ja. Na zauna gefensa.

Ya ce a awa ta uku yaron ya fara roƙon ruwa. Ya ce ya kama masa yatsa yana cewa Baba, kaɗan, Mama ba za ta sani ba. Ya jiƙa auduga ya shafa masa yadda na rubuta, ya yi ta ba shi labarin yadda firji ke yin ƙanƙara har ya yi barci. Sannan ya shiga banɗakin asibiti ya kulle ƙofa ya yi kuka.

"Haka kike yi sau uku a mako?" ya ce. "Ke kaɗai?"

Na gyaɗa kai.

"Ki yafe min, rabin raina. Kofin nan, da gudun da na yi, duka."

Na ce masa na daɗe da sanin tausayi ne ya sa ya ba shi ruwan. Kawai dai ciwo ba shi da fuskar da mutum zai yi wa faɗa, shi kuwa yana da ita. Na bar jaki na yi ta dukan taiki shekara guda. Ya ce ai taikin ya ji a jikinsa. Na yi dariya hawaye na zuba, na kwantar da kaina a kafaɗarsa. Warin man inji da na sabulun asibiti sun haɗu a rigarsa. Ya sa hannu ya riƙe nawa, ya matse.

Muka raba kwanakin a nan kan dakali. Shi Juma'a, da Litinin in aiki ya bari. Ban ce zan daina kiran waya ba, shi ma bai ce ba zai sake yin kuskure ba. Likita dai bai canza maganarsa a kan ƙodar Auta ba, kuma babu wanda ya san tsawon hanyar.

Rediyo ya kutso tsakaninmu ya zauna a kan ƙafar ubansa, ya ce ya ji Yaya ta ci dankali mai gishiri, shi yaushe ne ranarsa? Uban ya ce gobe zai tafi da shi shago ya riƙe masa sukundireba. Ya ce a rantse. Aka rantse.

Sai muka ji motsi daga ɗaki. Auta ya farka. Na riga na ɗaga rabin jikina lokacin da muryarsa ta fito, ƴar siririya, a dishe.

"Baba..."

Mijina ya kalle ni. Wani abu mai kama da kishi ya soke ni a ƙirji, ba zan ɓoye ba. Na koma na zauna na ce masa ya je, ai shi ake kira.

Ya tashi ya shiga da sauri har yana tuntuɓe da takalmi. Malama ta fito daga falo da gashinta a tsefe, ta tsaya tana kallona, tana jira ta ga ko zan bi bayansa. Da ta ga ban motsa ba, sai ta zo ta zauna inda ya tashi, ta ɗauki hannun nan mai nauyin siminti ta ɗora a cinyata.

"Mama, yana min ƙaiƙayi a ciki," ta ce. "Kuma yana ciwo."

"Nuna min wajen," na ce.